Yaron alƙali ko alƙalin ɓoye? Kan matasan da ke taya alƙalan Amurka rubutu

Ɗan_Birnin_Kudu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Lauyoyin gidan nan ku taimaka min. Jiya na ci karo da wani abu da ya ɗaure min kai. A cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka, shida sun taɓa zama yaran wasu alƙalan a wannan kotun dai tun suna matasa: Roberts, Kagan, Gorsuch, Kavanaugh, Barrett da Jackson. Uku daga cikinsu ma kujerar maigidan nasu suka hau. Ni a ganina wannan sarauta ce aka sa wa kwat: maigida ya reni yaro, ya cusa masa ra'ayinsa, in ya tashi sauka yaron ya gaje shi. Ko ni ne ban gane ba? Kuma wane aiki ma yaran suke yi, akawun kotu ne?

Barista_Rabi:
Wa'alaikumus salam. Fara cire akawu daga lissafinka. Akawu da rijistara aikinsu fayil ne da karɓar takardu da sa ranar zama, kuma a nan suke tsufa har fansho. Wanda Amurkawa ke ce wa kilak na alƙali lauya ne ɗanye, cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari a ajinsu, kuma shekara ɗaya yake yi ya kama gabansa. Shi ke karanta ƙararraki, ya tono hukunce-hukuncen baya, ya taƙaita wa alƙali kafin zama, sau da yawa kuma shi ke yin daftarin farko na hukunci. Kowane alƙali huɗu yake ɗauka. Yanzu ba a ma zuwa kai tsaye daga makaranta, sai ka fara yin irin aikin a wurin alƙalin kotun ɗaukaka ƙara.

Malam_Tarihi_Zazzau:
Abin dariyar shi ne ba doka ce ta kawo tsarin ba, dabarar mutum ɗaya ce. Horace Gray yana babban alƙalin jihar Massachusetts, a 1875, aiki ya yi masa yawa, sai ya ɗauki yaro ɗaya da ya gama karatun lauya a Harvard, yana biyansa daga aljihunsa. Ɗan'uwansa John Chipman Gray malami ne a can, shi ke zaɓo masa yaro duk shekara. Ɗaya daga cikin yaran shi ne Louis Brandeis, wanda shi ma ya zama alƙalin Kotun Ƙoli a 1916. Da Gray ya koma Kotun Ƙoli a 1882 sai ya tafi da al'adarsa. Sai a 1886 majalisa ta amince a riƙa biyan dala 1,600 a shekara don kowane alƙali ya samu mai taya shi, kuma a lokacin mai ɗaukar rubutu suke nufi, ba mai ba da shawara ba. Oliver Wendell Holmes da ya gaji kujerar Gray a 1902 ya ci gaba a haka. Bayan John Gray, Felix Frankfurter ne ya zama mai zaɓo wa Holmes da Brandeis yara, shi ma daga Harvard.

Sani_Mai_Shayi:
Wato tun daga tushe ma ɗan'uwa ne ke zaɓo wa ɗan'uwa, daga makaranta ɗaya. Ɗan_Birnin_Kudu ka ci wannan zagayen.

Baba_Rijistara:
Yara, ku ba ni wuri. Shekara talatin da ɗoriya na yi a rajistarin kotu kafin in ajiye. Abin da 'yata Rabi ta siffanta ya tuna min da muhuti a kotun alƙali ta zamanin En'e. Yana zaune gefen alƙali, shi ke buɗo nassi a littafi, shi ke rubutu, wani lokaci alƙali ya waiwayo ya ce malam me ka gani. Da yawansu a haka suka koyi aikin har aka naɗa su. Bambancin kawai, muhuti ba shekara ɗaya yake yi ba, yana iya furfura a gefen mutum ɗaya. To in shekara ɗaya tana sauya mutum, ku yi tunanin goma sha biyar.

Barista_Rabi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi muhuti ya fi kilak daɗin faɗa.

Kwamared_Ilu:
Ni kun kama tambayar ta wutsiya. Kuna ta maganar tasirin alƙali a kan yaro, ni abin da ke damuna tasirin yaro ne a kan alƙali. Dubban ƙararraki ake kai wa kotun nan duk shekara, waɗanda take saurare ba su kai ɗari ba. Wa ke tacewa? Tun farkon shekarun 1970, bisa shawarar alƙali Lewis Powell, yawancin alƙalan suka haɗa yaransu wuri guda: ƙara ɗaya, yaro ɗaya ya karanta ya rubuta ko a karɓa ko a watsar, takardar tasa ta zagaya ofisoshi. Mutum yana gidan yari shekara ashirin, ƙararsa ta ƙarshe tana hannun ɗan shekara ashirin da bakwai da babu wanda ya zaɓe shi, babu majalisar da ta tantance shi. Alito ya fice daga wannan haɗakar, Gorsuch ma ba ya ciki. Ruwa ba ya tsami banza.

Malam_Tarihi_Zazzau:
Kwamared, ba kai ka fara wannan kukan ba. William Rehnquist, wanda daga baya ya zama shugaban kotun, ya rubuta shi a wata mujalla a 1957, 'yan shekaru bayan ya gama nasa aikin a wurin alƙali Robert Jackson (ba Jackson ta yanzu ba). Ya ce yaran sun fi karkata ga masu sassaucin ra'ayi, kuma hakan na iya shiga cikin irin ƙararrakin da suke nuna wa iyayen gidansu. Kuma akwai misalin da ake kawowa: hashiya ta huɗu a hukuncin Carolene Products na 1938, wadda aka gina dogon fiƙihu a kanta game da kare tsiraru. Shari'ar a kan madara ce fa. Louis Lusky, yaron alƙali Harlan Stone, shi ya yi daftarinta na farko. Amma Stone ya karanta, an yi mata gyara, shi ya sa hannu.

Anti_Lauya_KD:
Ku bari wadda ta ɗana ta yi magana. Na yi shekara biyu ina taya wani mai shari'a bincike a nan gida, ba zan faɗi kotun ba. Ba daidai yake da na Amurka ba, amma ɗakin ɗaya ne: kai da dattijo da tarin fayil.

Ranar farko na kai masa bayani shafi tara ina jin kaina. Ya karanta shafi ɗaya, ya tura min, ya ce, 'yata, wa kike ganin zai faɗi a shari'ar nan? Na faɗa. Ya ce to je ki rubuto min hujjarsa yadda in ya karanta zai ce lauyansa ma bai faɗa da kyau haka ba, sannan ki dawo mu ga ko har yanzu shi zai faɗi. Na koma ina ƙunƙuni. Da na gama rubuta wa wancan ɓangaren sai na ga ashe akwai wata takarda a fayil da na tsallake saboda na riga na yanke a zuciyata.

Yau shekara goma sha ɗaya, ban taɓa shiga kotu ban fara rubuta hujjar abokin hamayya ba. Ra'ayinsa na siyasa kuwa, har na bar wurin ban san wa yake zaɓa ba. Don haka Ɗan_Birnin_Kudu, in ka ce cusa ra'ayi, ni ba ra'ayi aka cusa min ba, hannu aka gyara min. Amma in faɗi gaskiya har da abin da ba shi da kyau na ɗauko. Ba ya haƙuri da lauyan da ya nemi a ɗage zama, ko da uzurinsa na gaske ne. Ni ma yanzu ƙananan lauyoyin ofishina sun san fuskata in an ce a ɗaga. Zama da maɗaukin kanwa.

Ɗan_Birnin_Kudu:
Anti na ji, kuma na gode. Amma ke Barrett fa? Ranar da aka gabatar da ita a 2020 da bakinta ta ce tafarkin maigidanta Scalia a shari'a shi ne nata. Wannan ai ba gyaran hannu ba ne.

Dr_Ummi_Boston:
Ƙanina, tambayi kanka: Scalia ne ya mayar da ita haka, ko don tana haka ya ɗauke ta? A nan na yi digirina na biyu a fannin shari'a, na ga yadda abin ke tafiya. Tun kana aji biyu an san ƙungiyar ɗaliban da kake ciki, an san malamin da zai rubuta maka takardar shaida, an san alƙalin kotun ɗaukaka ƙarar da zai ɗauke ka, shi kuma an san ofishin da yake tura yaransa a Kotun Ƙoli. Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar an riga an tankaɗe ka sau uku. Alƙali Clarence Thomas bai ɓoye ba, ya ce ba ya ɗaukar wanda suka yi hannun riga a manyan al'amura, ɓata lokaci ne. Scalia shi a wasu shekarun yakan ɗauki ɗaya mai ra'ayin da ya saɓa wa nasa da gangan, don ya samu abokin musu. To in ka ga yaro ya yi kama da maigida, ba lallai reno ba ne, wani lokaci zaɓe ne.

Abban_Sadiq:
Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Malam_Tarihi_Zazzau:
Abban Sadiq, wannan barewar tana haifar masu rarrafe. Richard Posner yaron William Brennan ne a 1962, kuma Brennan jigo ne na masu sassaucin ra'ayi. Posner ya fita ya zama babban mai auna shari'a da ma'aunin tattalin arziki, Reagan ya naɗa shi alƙali a 1981. Alger Hiss kuwa yaron Holmes ne, yana karanta wa tsohon littattafai, a 1950 aka same shi da laifin rantsuwa a kan ƙarya a shari'ar da ta shafi zargin leƙen asiri wa Tarayyar Sobiyet. Shi ma Holmes ne ya koya masa?

Ustaz_Nafi'u:
Mu ma a tarihinmu akwai wannan. Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci har ya sha wuya a kai. Almajirinsa Abu Yusuf ya karɓa, ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid, kuma ya saɓa wa malamin nasa a mas'aloli da dama. Duk da haka ta hannunsa mazhabar ta yaɗu a kotuna. Ka ga ya ɗauki hanya, bai ɗauki kowace fatawa ba.

Kwamared_Ilu:
Ustaz ka kai mu Bagadaza, mu dawo Washinton. Malam Tarihi, tun da ka ambaci Rehnquist, ka ƙarasa labarin mana, kar ka tsaya a inda ya yi maka daɗi.

Malam_Tarihi_Zazzau:
Ai ina zuwa. A 1952, ana shirin shari'ar wariyar launin fata a makarantu, Rehnquist ya rubuta wa Jackson takarda yana cewa hukuncin Plessy na 1896, wanda ya halatta raba baƙi da farare, daidai ne, a tabbatar da shi. Jackson bai bi ba. A 1954 alƙalai tara gaba ɗaya suka soke wariyar a shari'ar Brown, da Jackson a ciki, daga asibiti ma ya taso don ya zauna ranar da aka karanta. Wannan amsa ce gare ka Kwamared: yaro ya rubuta, maigida ya ajiye gefe. Jackson ya rasu a wannan shekarar. Da takardar ta fito a 1971 lokacin tantance Rehnquist don ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, sai ya ce ba ra'ayinsa ba ne, tunanin Jackson ne ya tsara masa. Sakatariyar Jackson da ta daɗe tare da shi ta ƙaryata, ta ce an ɓata sunan mamaci. An sake tono maganar a 1986 da za a ba shi shugabancin kotun. Har yau masana ba su daina musu a kai ba.

Barista_Rabi:
Kagan ma da aka tono takardun da ta rubuta wa Thurgood Marshall, kusan amsar da ta bayar ke nan, cewa da idon maigidanta take duba ƙararrakin. Ni kuma ban ga ƙarya a tata ba, haka aikin yake. Kana rubutu da muryar wani shekara guda, wata rana ba ka san inda tasa ta tsaya taka ta fara ba. Marshall gajeriya yake ce mata, don tsokana.

Issoufou_Damagaram:
Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada, abin da kuke faɗa baƙo ne a wurinmu. A Faransa alƙalanci makaranta ake shiga, tana Bordeaux, ka ci jarrabawa, a horar da kai, ka fara daga ƙasa. Ba wani dattijo ɗaya da zai ce wannan yarona ne. Ban ce babu uban gida ba, ko'ina akwai, amma ba a rubuta shi a takardar neman aiki.

Dr_Ummi_Boston:
Malam Issoufou, Jamus fa? Kotun tsarin mulkinsu a Karlsruhe zaure biyu gare ta, kowanne alƙalai takwas, amma masu taya su bincike ana yi musu laƙabi da zaure na uku. Sai dai su yawanci alƙalai ne da aka aro daga ƙananan kotuna, ba sababbin gamawa ba. Ingila kuwa ta daɗe ba ta yarda da abin ba, sai wajen ƙarshen shekarun 1990 kotun ɗaukaka ƙararsu ta fara ɗauka.

Lauya_Ba_Kwat:
Anti_Lauya_KD ta yi dace ne kawai. Ni nawa maigidan wata bakwai ban taɓa fayil ba. Ɗauko yara daga makaranta, kai mota wurin bakanike, har ragon layya ni na je kara na taya. In na yi magana a ce ba ni da ladabi. Wa zan kai wa ƙara, alhali takardar shaidar da zan nemi aiki da ita tana hannunsa? Abin da na koya a wurin shi ne farashin rago.

Hajiya_Mai_Gaskiya:
Sannu ɗana. Kuma kar a ɗauka can babu. Alex Kozinski babban alƙali ne a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, cikin masu tura yara Kotun Ƙoli, Kavanaugh ma ya yi aiki a wurinsa. A Disambar 2017 ya ajiye aiki bayan mata da dama, ciki har da waɗanda suka yi masa wannan aikin, sun zarge shi da cin zarafi. Shekaru suna shiru, saboda an koya musu cewa abin da ya faru a ɗakin alƙali sirri ne, kuma makomarsu tana bakinsa. Kusancin da ke sa a koyi aiki shi ne dai ke rufe baki.

Kuma da kuke ta yaro yaro, ku tuna wa aka bari ya zama yaron. Mace ta farko sai 1944, Lucile Lomen, a wurin William Douglas, lokacin yaƙi ya kwashe maza. Baƙar fata na farko sai 1948, William Coleman, a wurin Frankfurter, wanda a lokacin ya riga ya zama alƙalin kotun. Shi wannan Frankfurter ɗin a 1960 aka kawo masa sunan Ruth Ginsburg, wadda ta yi kunnen doki a matsayi na ɗaya a ajinsu a Columbia, ya ƙi don mace ce. A 1993 ta shigo kotun a matsayin alƙali.

Sani_Mai_Shayi:
Allah sarki. To wai nawa ake biyansu ne da ake wannan rububin?

Dr_Ummi_Boston:
Albashin gwamnati ne, ba wani abin a zo a gani ba in ka kwatanta da kamfanonin lauyoyi. Kuɗin yana bayan an fito. Manyan kamfanoni suna ba wanda ya gama da Kotun Ƙoli kuɗin sa hannu da ya haura dala 400,000, ban da albashi. Ya fi abin da maigidan nasa ke ɗauka a shekara.

Sani_Mai_Shayi:
Na rufe teburin shayi, ina ne Harvard ɗin?

Barista_Rabi:
Mu koma kan tambayar asali. Labarin da ya fi taɓa ni na John Paul Stevens ne. Yana yaron Wiley Rutledge, a 1948, aka yi shari'ar wasu Jamusawa da ake tsare da su a tsibirin Ellis, kan wace kotu ce ke da hurumin jin kokensu. Rutledge ya saɓa wa masu rinjaye, Stevens ya taya shi aikin. Suka faɗi. Rutledge ya rasu a 1949. A 2004, shekara hamsin da shida bayan waccan shari'ar, Stevens yana alƙali ya rubuta hukuncin Rasul, cewa fursunonin Guantanamo suna da damar kai kokensu kotunan Amurka, kuma ya ambaci wancan saɓanin na maigidansa a ciki. Wannan ba za ka ce zaɓe ne kawai ba Dakta. Shugaba ɗan Rifablikan ne, Ford, ya naɗa Stevens, babu wanda ya tace shi don ya zo ya yi wannan.

Dr_Ummi_Boston:
Na ba ki wannan. Amma a 1947 aka ɗauke shi, tankaɗen da nake faɗa bai yi ƙarfi ba a lokacin.

Kwamared_Ilu:
Ni har yanzu ba a amsa min ba. An ce Brandeis yana alfahari cewa su ne kusan kaɗai a Washinton da ke yin aikinsu da hannunsu. Wane alƙali ne zai faɗi haka yau bai yi murmushi ba? Misali ɗaya na Jackson ba ya wanke dubban ƙararrakin da ake watsarwa babu wanda ya ji.

Malam_Tarihi_Zazzau:
Brandeis ɗin ne dai Dean Acheson, yaronsa na 1919 da ya zama sakataren harkokin waje daga baya, ya ba da labarin ya sa masa wasu shari'o'i da ba su dace ba a hashiya. Tsohon ya gano da kansa, ya ce masa aikinka ka gyara kurakuraina, ba ka ƙaro naka ba. Alƙalin da ke karantawa haka, yaro ba ya juya shi. Wanda ba ya karantawa kuwa, Kwamared, ina bayanka.

Ɗan_Birnin_Kudu:
Na ƙaru wallahi. Na janye kalmar sarauta rabi, tun da shugaban ƙasa ne ke naɗawa, majalisar dattawa ta tantance, ba maigida ba. Amma rabin na riƙe. Roberts yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar maigidansa Rehnquist a 2005, a watan nan ya hau kujerarsa. Kennedy ya sauka a 2018 yaronsa Kavanaugh ya hau, Breyer ya sauka a 2022 yarinyarsa Jackson ta hau. Ko ba a ce gado ba, ƙofar dai ƙarama ce kuma masu makullin sun san juna. Baba_Rijistara, a cikin muhutan da ka sani, akwai wanda ya hau ya yi akasin maigidansa?

Baba_Rijistara:
Akwai ɗaya. Maigidansa mai saurin yanke hukunci ne, shi kuma da ya hau sai ya zama mai jan shari'a har mutane suka riƙa ƙorafi. Na tambaye shi, ya ce abin da ya gani yana gefe ne ya sa shi tsoro. To wannan ku masu boko a wane layi za ku sa shi, tasiri ko rashin tasiri?

Anti_Lauya_KD:
Tasiri ne Baba, ta bayan gida ya shigo. Ku yi min uzuri, ina da zama ƙarfe tara kuma ban gama rubuta hujjar wancan ɓangaren ba.